Kalmomin Ingilishi da ba a cika ji ba, da yadda za mu koye su

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da Yamai, da duk inda muryarmu ta kai. Muna gaida malamai masu kula da azuzuwa a ƙauyuka da unguwanni. Kowa ya ɗauko kayensa da bikinsa ya matso kusa, don darasin yau akwai abin rubutawa.

Yau za mu yi magana bisa harshen Ingilishi, musamman kalmominsa da ba a cika ji a bakin mutane ba, amma ana yawan ganinsu bisa takarda.

Mi ya kai mu ga Ingilishi?

Wani zai ce: ni da ƙyar na iya karatun Hausa, mi ya haɗa ni da Ingilishi? Amsa tana cikin ɗakinka. Ka dubi kwalin maganin da aka sayo ma yaro. Ka dubi buhun taki da kwalbar maganin feshi. Ka dubi rasit ɗin da aka ba ka a kasuwa. Da yawansu daga Nijeriya suka fito, kuma rubutun da ke jikinsu Ingilishi ne.

Iyakar da ke tsakaninmu da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500. Mutanenmu suna cin kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari. Suna sarin yadi a Kantin Kwari, suna kai wake da riɗi Dawanau a Kano. Wasu suna tafiya cin rani har Kumasi da Ankara a ƙasar Gana. Duk waɗanga wurare Hausa ta ishe ka ciniki da baki. Amma da zarar an ɗauko takarda, sai Ingilishi ya shigo. Ban da wannan, dokar ƙasa da aka kafa a shekarar 2025 ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki ne.

Kuma kada kowa ya ce bai san kome ba cikin harshen nan. Asibiti, mota, tebur, kotu, fasinja, kananzir, lasisi, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su. Ashe kuna da ɗan jari tun kafin mu fara.

Kalmomi iri biyu ne

Kalmomin kowane harshe sun kasu biyu. Akwai na yau da kullum, kamar zo, tafi, ci, sha, ruwa, kuɗi. Akwai kuma waɗanda sai lokaci lokaci ake bukatarsu. A Hausa ma haka ne. Kowane yaro ya san gida da gona. Amma wasiyya da jingina da sharaɗi, sai ran da magana ta kai gaban alƙali ko mai gari ake jinsu. Ran nan kuwa wanda bai san su ba yana iya rasa gonarsa.

A shekarar 1953 wani malami Bature mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyar da Ingilishi a ƙasar Indiya, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da aka fi amfani da su. An lura cewa in ka ɗauki shafin rubutu na yau da kullum, cikin kowace kalma 10, wajen 8 suna cikin jerin nan. Wanga labari ne mai daɗi, don ya nuna ba sai ka haddace ƙamus ba. To amma saura 2 fa? Sau da yawa su ne ke riƙe da kan maganar.

Ga misali. Ku rubuta wanga jimla: Do not use after expiry date. Kalmomi 6 ke nan. Wanda ya ɗan zauna Nijeriya zai gane biyar: kada a yi amfani da shi bayan ranar kaza. Amma wace rana ce? Kalma guda da bai sani ba, expiry, ita ce ke gaya mashi. Ana faɗinta kamar ikspayari. Ma'anarta ƙarewar wa'adi, watau ranar da magani ya tashi daga aiki. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya karanta biyar ya tsallake guda, bai karanta ba.

Kalmomin kwalin magani

Bari mu fara da magani, don nan ne rai yake. Ku rubuta kowace kalma, ku bar fili gabanta.

Ta farko ita ce wadda muka ambata, expiry. Sau da yawa ba a rubuta ta duka. Za ku ga haruffa uku kaɗai, EXP, sannan lambobi. In kun ga EXP 06/2027, ma'ana wa'adin maganin yana ƙarewa a wata na 6 na shekarar 2027. Kusa da ita akwai MFG ko MFD. Wannan ranar da aka yi maganin ce a masana'anta. Kada ku rikita su biyun. Ta ƙarewa ita ce za ku fara nema kafin ku biya kuɗi.

Ta biyu, dose ko dosage. Ma'anarta adadin da za a sha a lokaci guda. In aka ɗora mata over a gaba, ta zama overdose, watau shan fiye da kima.

Ta uku da ta huɗu ƴan tagwaye ne, ku saurara da kyau. Teaspoon da tablespoon. Dukkansu cokali ne. Teaspoon ƙaramin cokalin shayi ne, yana ɗaukar mililita 5. Tablespoon babban cokali ne, yana ɗaukar mililita 15. Kun ga babban ya ninka ƙaramin sau uku. Uwar da ta ga spoon a ƙarshe ta ce ai cokali cokali ne, tana iya ba ɗanta maganin sau uku a lokaci guda, alhali alheri take nufi.

Ta biyar da ta shida su ma kishiyoyi ne. Oral, ma'ana ta baki ake sha. External, ma'ana na waje. In kun ga For external use only, to maganin shafawa ne a fata, ba a sha, ba a ɗiga shi a baki.

Ta bakwai, twice, ana faɗinta tuwayis. Sau biyu ke nan. Twice daily, sau biyu a rana.

A magungunan da aka yi ma rajista a Nijeriya za ku ga kalmar NAFDAC da lamba gabanta. Sunan hukumar da ke kula da abinci da magunguna ne a can, an kafa ta a 1993. In babu lambar ga maganin da aka ce daga can ya fito, sai a yi hattara. Kuma ku riƙe wannan: iya karanta kwali ba ya maida mutum likita. Amfaninsa shi ne ka gane abin da likita ya gaya maka, ka tuna shi in ka koma gida, ka kuma ƙi karɓar abin da ya lalace.

Kalmomin gona da garke

Yanzu manoma da makiyaya, ga naku.

Dilute, ana faɗinta dailut. Ma'anarta a surka da ruwa. Kusan duk maganin feshi da ke cikin kwalba sai an surka shi, kuma ana rubuta yawan maganin da yawan ruwan. In ya yi ƙarfi ya ƙona shuka ya cuci mai feshin. In ya yi ruwa ruwa ƙwari ba su mutu ba, kuɗi sun tafi banza.

Toxic da poison, dukkansu guba suke nufi. Harmful, mai cutarwa. Inhale, shaƙa ta hanci. Swallow, haɗiyewa.

Treated seed, iri ne da aka cuɗa da maganin ƙwari don shuka. Shi ya sa za ku ga an rina shi ja ko shuɗi ko kore. Sau da yawa ana rubuta Not for consumption a jikin buhun. Consumption ita ce baƙuwar kalma a nan, ma'anarta ci. Irin nan na ƙasa ne. Ba a yin tuwo da shi, ba a ba kaji ko awaki, ko da an wanke shi.

Fumigant, magani ne mai fitar da iska mai guba, kamar ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake ko rumbu. Iskar da ke kashe ƙwaro ita ce ke iya kashe mutum. Don haka buhun da aka sa ma ƙwayar nan ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane.

Pre-harvest interval, kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Masu lambun tumatir da kabeji da salati, wagga taku ce. Makiyaya kuwa tasu ita ce withdrawal period, watau kwanakin da za a jira bayan an yi ma dabba allura ko an ba ta magani, kafin a sha nononta ko a yanka ta. Yawan kwanakin yana rubuce gaban kalmar. In ka san kalmar, lambar da ke gabanta ka riga ka iya karanta ta.

Kalmomin kasuwa

Sai ƴan kasuwa da masu tafiya cin rani.

Receipt, rasit ke nan. Ku lura akwai harafin p a ciki amma ba a faɗinsa. Deposit, kafin alƙalami, kuɗin da ka fara bayarwa. Balance, cikon da ya rage. Refund, maida ma mutum kuɗinsa. In kun ga non-refundable, to kuɗin ba su dawowa, ko ka fasa cinikin. Interest, kuɗin ruwa bisa bashi. Waybill, takardar da ke nuna kayan da aka ɗora ma mota da inda za a kai su. Owner's risk, ma'ana in kaya sun ɓace ko sun lalace, asarar mai kaya ce.

Akwai guda da nake so kowa ya ja ma layi a ƙasa: guarantor. Shi ne wanda ya tsaya ma wani. In ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a wurin da aka rubuta kalmar nan, ka ɗauki alkawarin cewa in mai bashin bai biya ba, kai za ka biya. Wani zai ce maka shaida kawai za ka yi. Shaida a Ingilishi witness ce. Kalmomin biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Ka duba wadda aka rubuta kafin ka miƙa yatsanka.

Daga ina waɗanga kalmomi suka fito?

Wataƙila waɗanda suka taɓa zama lokol sun lura da wani abu. Da yawa cikin kalmomin nan sun yi kama da Faransanci. Ba haɗari ba ne. A shekarar 1066 wani sarki mai suna Wiliyam ya taso daga Normandi, a arewacin Faransa, ya ci ƙasar Ingila da yaƙi. Daga nan aka yi shekaru wajen 300 Faransanci ne harshen fada da kotu a Ingila, talakawa kuwa suna ta yin Ingilishinsu. Sai kalmomin fada suka zuba cikin Ingilishi. Daga baya malamai suka ƙaro wasu daga harshen Latin, wanda shi ne uwar Faransanci.

Shi ya sa har yau abu guda yakan sami suna biyu a Ingilishi, na gida da na takarda. Saye, a baki buy, a takarda purchase. Taimako, a baki help, a takarda assist. Farawa, a baki begin, a takarda commence. Kamar yadda mu ma kalmominmu na shari'a da ilimi, irin su hukunci da amana da wasiyya, daga Larabci suka zo.

Wanga abu riba ce gare mu mutanen Nijar. Wanda ya san diluer zai gane dilute. Wanda ya san toxique zai gane toxic. Externe da external, garantie da guarantee, duk ƴan gida ɗaya ne. In akwai ɗan lokol a gidanku, ku nuna mashi kalmar, sau da yawa zai hango ma'anarta.

Amma a yi hankali, don kama da wane ba ta wane. Sale a Faransanci datti ne, a Ingilishi sayarwa. Pain a Faransanci burodi ne, a Ingilishi ciwo. Location a Faransanci haya ce, a Ingilishi wurin da abu yake. Don haka kama tana nuna hanya ne kawai, sai an tabbatar.

Kan kalma da wutsiyarta

Doguwar kalma tana ba sabon ɗalibi tsoro. To ku sani yawancinsu haɗe-haɗe ne. Mu ma muna yi. Daga noma muka sami manomi, daga karatu muka sami makaranta. In ka san aikin ma ɗin nan da ke gaba, ka buɗe kalmomi da yawa.

Ga guda biyar na Ingilishi. Un a gaban kalma yana kore ta: safe, babu haɗari, unsafe, akwai haɗari. Non shi ma haka, kamar yadda muka gani a non-refundable. Re yana nufin sake: use, amfani, reuse, sake amfani. In an rubuta Do not reuse a galan ɗin maganin feshi, kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki. A wutsiya kuwa akwai ful da less. Harm cuta ce. Harmful, mai cutarwa. Harmless, marar cutarwa. Haruffa kaɗan ne a ƙarshe suka raba su, don haka a karanta kalma har ƙarshenta.

Ga tarko guda. In a gaban kalma yakan kore ta, amma ba kullum ba. Flammable, abu mai saurin kama wuta. Inflammable fa? Wani zai ce marar kama wuta ne. A'a, ma'anarsu ɗaya ce, dukkansu mai kama wuta ne. Wanda ba ya kama wuta shi ne non-flammable. Masu sayar da fetur a kwalba da masu ajiye shi a gida, ku riƙe wannan.

Yadda za a riƙe kalma kada ta gudu

Na farko, ku ware kaye guda don wanga aiki. Ku raba kowane shafi gida huɗu. Gida na farko, kalmar yadda aka rubuta ta, harafi bayan harafi. Na biyu, yadda ake faɗinta, da haruffanmu na Hausa. Na uku, ma'anarta. Na huɗu, inda kuka gan ta, ko kwalin magani ko rasit. Gida na biyu yana da muhimmanci, don Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗi, Ingilishi kuwa ba haka ba ne. Haruffansa 26 ne, amma sautukansa sun kai wajen 44. Harafin c da muke faɗi a ci da ciki, su wani lokaci k ne, wani lokaci s. Suna da p da q da v da x waɗanda ba mu amfani da su, ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ namu.

Na biyu, kada ku yi haɗama. Kalma uku a rana sun isa. In kun yi haka kwana biyar a mako, kun sami 15. A wata kun sami 60. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma ku zaɓi waɗanda suka shafi sana'arku. Ungozoma da mai lambu da direba ba kalmomi ɗaya suke bukata ba.

Na uku, maimaitawa. Wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma in ana komawa kan abu lokaci lokaci sai ya zauna. Almajiran allo sun san wannan, shi ne tilawa. Kalmar da ka rubuta yau, ka duba ta gobe, ka duba ta bayan kwana uku, ka sake ran kasuwa mai zuwa. Ka rufe ma'anar da hannu ka gwada kanka.

Na huɗu, ƙamus. Akwai wanda ke tashi daga Hausa zuwa Ingilishi, kamar babban ƙamus na Bargery na 1934. Akwai wanda ke tashi daga Ingilishi zuwa Hausa, kamar na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990. Don aikinmu na yau, iri na biyu muke bukata. Kalmomi a ƙamus suna bin jerin a, b, c. In harafin farko ɗaya ne sai a duba na biyu. Yanzu kuma ana samun ƙamus cikin wayar salula, har ta faɗa maka kalmar ka ji. Sai dai kalma guda takan zo da ma'ana biyu ko uku. Balance tana nufin ciko, tana kuma nufin daidaito. Ka koma ga takardarka ka ga wadda ta dace da wurin.

Na biyar, tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi malamin aji, ko malamin gona, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗanka da ke kwaleji. Babu kunya dattijo ya tambayi yaro ma'anar kalma. In takarda ce ta kuɗi ko ta bashi, kada wanda ya kawo ta ya zama shi kaɗai ne mai fassara maka ita. Ka nemi wani na biyu da ka yarda da shi.

Aikin gida

Ga aikin wanga mako. Kowa ya nemo kwali ko buhu ko rasit guda mai rubutun Ingilishi. Kwalbar maganin feshi kuwa kada a kawo ta aji, a kwafi rubutun a bar ta inda take. Ku nemi EXP ku karanta wata da shekara. Ku fitar da kalma uku da ba ku sani ba, ku rubuta su a kaye, ku kai aji. Malamai, ku rubuta su a allo, a nemi ma'anarsu tare, kowa ya kwafi na ɗan uwansa. Aji mai mutum 20 zai tashi da kalmomi masu yawa a zama guda, kuma dukkansu daga gidajenku suka fito.

Waɗanda suka tarar da magani da wa'adinsa ya wuce, kada a sha, kada a bar shi inda yara za su kai. A kai ma ma'aikacin asibiti ya faɗi yadda za a yi da shi.

Nan za mu dakata yau. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake karanta sunayen watanni da ranaku a Ingilishi. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mu kwana nan.